Kiran Mai Burodi

Zuwa ga ƙaramin maigidana,

Kafin gaisuwa riƙe wannan tukuna. Ƙofa ce a gidana, ba kafinta ya yi ta ba, ba kwaɗo aka sa mata ba, amma ta kulle gam. Makullinta ba ya gidana, ba ya garina, yana hannun wanda bai ma san da ƙofar ba. Mece ce ƙofar, mene ne makullin? Kai da ka sha boko har ka yi gyatsa, faɗa mini. In ka gaza ka ba ni gari, amma mai ruwan famfo, na gaji da ɗaukar bokiti.

To, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aikin asibiti, ya majinyatanku, ya gajiyar tsayuwa? Ya wannan gemun da ka tara kamar tsintsiyar da ta ga duniya? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Matar kawunka tana gaishe ka, ita ce ke kama mini ƙafafun kakanka in za mu juya shi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Kakanka bakinsa ne ya rufe, kunnensa garau yake, duk abin da na faɗa a waya a ɗakin nan yana ji. Kuma an ba ni labarin yadda kake sauraron saƙon muryata, wai kana danna wani abu in riƙa magana da gudu kamar ɓera ya ga kyanwa. Takarda dai ba ka isa ka sa ta gudu ba.

Ka tambaye ni shawara a kan zauren nan naka na waya, na masu jinya. Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa maka ba, kada kanka ya kumbura. Tun bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da kakanka, ya ɗauke masa hannu da ƙafa da magana, ka sa ni cikin zauren nan ina ƙi ina tsaki, har yau ban daina mamakinsa ba. Abu kamar sabulun wanka a tafin hannuna, amma cikinsa mutane sun fi na kasuwa. In ce bayan Malam, kakan naka, ya yi ja, kafin in ajiye wayar wata mata da rana ke faɗuwa a garinsu lokacin da take fitowa a namu ta gaya mini yadda zan sa matashi. Ban san fuskarta ba, ba ta san tawa ba. Ikon Allah sai kallo.

Ka ce zauren ya cika, kana so ka raba shi biyu: ɗaki ɗaya na masu jinya, ɗaya na waɗanda Allah ya karɓi nasu majinyatan. Ka ce 'Yar Kemis, yarinyar nan da babanta ya faɗi kwanan baya, ta shigo neman yadda za ta ba shi ruwa kada ya ƙware, ta tarar da ta'aziyya a jere, ta fita a guje. Ni ma na ga fitarta. Shawarata ita ce ka raba. Ni kaina in na ji an fara innalillahi sai in yi wuf in rage murya, in saci kallon Malam. Mutum yana kwance ba ya so ya riƙa jin an ɗauke na gadon kusa da shi.

Kuma, tsakanina da kai, rabawar za ta hutar da mu daga Rediyo. Matar nan mijinta ya rasu tun kafin in shigo, amma in ta danna wayar sai shinkafata ta dahu ta kama ba ta kai inda za ta ba. Ta fara da maganin tari, ta biya ta kan surukarta, ta sauka a kan kuɗin gawayi. Allah ya ba ta lafiya, can a ɗaya ɗakin.

Sharaɗina ɗaya ne. Duk yankan da za ka yi, kada wuƙarka ta taɓa Mai Burodi. Ka san majinyacin da ke kwance in ba a juya shi a kai a kai ba fatarsa sai ta ɓare. To mutumin nan, duk sanda ya buɗe tanda zai juya farantansa, sai ya danna waya ya ce, “Jama'a, a juya!” Kana jin ƙarar ƙarfe a bayansa da hucin wuta. Da hantsi, da azahar, da la'asar, bai taɓa fashi ba. Daga nan sai amsa ta yi ta zubowa, wannan ya ce mun juya, waccan ta ce mun juya, wani da tari, wata da goyo yana kuka. Ni dai ina jinsa nake kiran matar kawunka. Nakan ce uwar mutumin nan da yake jinya ta yi dacen ɗa.

Akwai wani abu kuma, amma ba zan faɗa ba tukuna, kada bakina ya kore shi. Yana cikin kacici-kacicin.

Ka ci abinci, ka aske gemu. Ka gaida abokan aikinka.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Kakarka Mai Baki.

*

Zuwa ga Sarkin Zaure,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya aiki, ya sarauta? Na ga sanarwarka, ka rubuta ta da ladabi kamar ba kai ne ka taɓa yi mini fitsari a zane ba. Mu muna nan, amma ba zan ce maka lau ba.

Ka raba, kamar yadda na ce. Ka roƙi duk wanda jinyarsa ta ƙare ya koma sabon ɗaki don kansa. Na zauna ina kallon wayar tana rubuta wane ya fita, wance ta fita, har da Rediyo, na ce a sauka lafiya. Sai na ga Mai Burodi ya fita. Na goge tabarau na sake dubawa. Na ɗauka kuskuren yatsa ne, mai ƙullu a hannu komai na iya faruwa da shi.

Ashe ba kuskure ba ne. Wata tsohuwar 'yar zaure ta gaya mini uwarsa ta daɗe da rasuwa, tun zauren bai wuce mutanen da za su cika mota ɗaya ba. Ya faɗa a lokacin, an yi masa gaisuwa, washegari da hantsi ya danna waya ya ce a juya. Mu da muka zo daga baya ba wanda ya sani. Ɗan nan, ni da nake yi wa uwarsa addu'ar samun sauƙi kullum! Mutum ba shi da kowa a kan katifa, amma yana tsaye a gaban wuta yana tuna bayan iyayen wasu. Kai ka sani, ko? Ka sani ka bar ni ina kafa maka sharaɗi.

Yanzu zauren namu ya zama kamar layin karɓar magani, kowa da damuwarsa, ba mai kallon wani. An ce za a riƙa karɓa-karɓa wajen kiran, an yi na kwana biyu abin ya watse. Ba laifin kowa ba ne. Wanda hannunsa ke cikin wankin zanen gado yaushe zai tuna da waya? Ka ce mu saita ƙararrawa. Na sa matar kawunka ta saita. Tana kuka kamar ƙwaro, in kashe ta in ce bari in sauke tukunya, sai in farga rana ta karkata. Ƙararrawa ba ta jiran amsa, shi ya sa ba a jin kunyarta. Wani bawan Allah ya turo hoton kwankwason babansa jiya, fata ta fara buɗewa. Hoton ya yini ba wanda ya tanka.

To ga abin da na ɓoye maka. Rabin kacici-kacicin ne, na ba ka kyauta tunda ba ka da gari. Ƙofar bakin kakanka ce. Wata guda kafin ka raba zauren na lura, duk sanda kiran ya shigo leɓensa na hagu sai ya fara motsi. Ba sauti, motsi kawai, kamar mai tauna zare. Mutumin da ya shekara yana kallon silin. Na gani na yi kamar ban gani ba, na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska. Ko matar kawunka ban gaya wa ba.

Tun ranar da kiran ya ɗauke, leɓen ya tsaya. In mun juya shi wajen taga sai ya rufe ido. Cokali ma sai na yi ta lallashi kamar ina bikon amarya.

Na san 'Yar Kemis ta dawo, na ga sallamarta, na kuma yi murna. Ban ce ka yi kuskure ba, in kuskure ne ma tare muka yi, ni na riƙe maka akuyar ka yanka. Amma ka turo mini lambar Mai Burodi. Tunda makullin yana hannunsa, zan je in roƙa da kaina.

Ka gaida gemunka.

Kakarka Mai Baki, wadda bakin ya ɗan mutu.

*

Zuwa ga jikana, angona na ƙarya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da duk wanda ke hannunka. Na gode da lambar. Zauna, wannan takardar tana da tsawo, kuma ba ta da abin dannawa.

Na kira Mai Burodi. Muryar nan da ke cika ɗaki, ashe mai ita kunya gare shi kamar sabon suruki. Mama yake ce mini, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Shekarun da ya yi yana barin tanda ya ruga gida ya juya tsohuwarsa ne suka zauna masa a jiki, in lokacin ya yi sai bayansa ya riƙa tsikari, in bai faɗa wa wani ba ba ya samun sukuni. Na gaya masa zancen Malam.

Ya yarda zai riƙa turo mini kiran ni kaɗai, kuma ya cika alkawari. Na kai wayar kunnen Malam. Jama'a, a juya. Malam ya buɗe ido, ya kasa kunne, ya jira. Ya jira. Da bai ji komai ya biyo baya ba sai ya mayar da idonsa ya rufe. Muka sake da azahar, muka sake washegari, leɓe ko gezau. Na ce to, tsohuwa, kin yi kacici-kacicin da ke kanki ba ki san amsarsa ba.

Ka san wa ya warware mini? Rediyo. Ita ta neme ni, wai ta ji shiru ne ta ce bari ta ji jikin Malam. Na ajiye wayar a kan tire na tsince wake na gama tana magana. Can cikin zancen surukarta sai ta ce ai su a ɗakinsu kiran bai fasa ba. Na ce wane kira, ku da ba ku da majinyaci? Ta ce Mai Burodi yana kira, su kuma suna amsawa. Na ce ku juya wa? Ta ce, “Yaya, ni dai matashin marigayi nake juyawa in ce mun juya. Wa zai kama ni?”

Ta turo mini na ranar in ji. Muryoyin nan da na saba ji, mai tarin nan, da mai cewa mun juya da waƙa, da tsohon da ke fara yin gyaran murya, ashe fiye da rabinsu can suke. Duk wata da watannin nan da nake jin amsa tana zubowa ina cewa ga 'yan uwana masu jinya, yawancinsu gadonsu babu kowa. Su ne ke da hannun danna waya. Su ne kuma ke amsa tambaya in an yi, don sun bi hanyar har ƙarshenta sun san inda ramukan suke. Mu muna ɗauke da kaya, su suna gefen hanya suna nuna mana inda za mu taka, mu kuwa muka ce su matsa suna tare mana iska.

Na kunna wa Malam. Amsa ta farko, ta biyu, ta uku, sai ga leɓe ya motsa. Nan na tuna wane ne nake aure. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo, kullum safiya yana kiran suna yara suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ba kiran yake bi ba, layin yake bi, yana jiran a zo kansa.

Sai na zama 'yar fasa-ƙwauri. Rediyo ta kwaso daga ɗakinsu ta turo mini, ni in kunna. Kada ka hukunta ta, ni na sa ta. Amma abin bai yi nisa ba. Kakanka ba yaro ba ne. Ya ga ina ta latse-latse, ya ga kiran hantsi yana isowa bayan azahar, ya gane ɗumame nake ba shi. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ture wayar ta faɗa bayan gado. Malamin makaranta ba ya amsa suna a ajin da aka tashi.

Ban tsaya nan ba, na nemi 'Yar Kemis, don ba na so in gyara ɗakina in rushe nata. Yarinya mai hankali, tana magana tana miƙa wa mai sayen magani canjinsa. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce har yanzu in ta ji an yi rasuwa takan rufe kanti ta je ta taɓa ƙirjin babanta. Amma ta ce tambayar da ta kawo ta tun farko, ta yadda za ta ba shi ruwa, ta sake yin ta tun dawowarta, har yau ba amsa. Na ba ta lambar Rediyo, na ce ta tanadi caji.

Ga roƙona, kuma ka san ban saba roƙonka komai ba sai man zafi. Ka bar sabon ɗakin, a riƙa kai gaisuwar rasuwa can, mai so ya bi. Amma ka buɗe musu ƙofa su dawo cikinmu. Wanda ya ga ba zai iya zama da su ba, ban ga laifinsa ba. Ni dai ina da mutum a kwance da ke jiran a zo kansa, kuma ban san kwana nawa leɓen nan zai yi yana jira ba.

Zauren naka ne, kai ka san nauyinsa. In ka ƙi, ba zan yi fushi ba, zan dai sake ka in auri Mai Burodi.

Kakarka.

*

Zuwa ga ɗan albarka,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. In ka ga rubutun ya hau dutse ya gangara ka yi haƙuri. Na san ka ji abin da kunnenka a zaure, na ga kiranka har sau nawa ban ɗauka ba. Ba zan iya magana ba ne. Amma kai sauti ka ji, ni na gani, bari in ba ka na ido.

Da ka buɗe ƙofar ba kowa ya dawo ba. Wasu sun ce can ya fi musu, wasu biyu daga namu kuma suka fita, na ji ba daɗi, kai ma na san ka ji. Mai Burodi ma ya so ya noƙe, wai yanzu kowa ya san ba shi da majinyaci, da wane ido zai yi kira. Rediyo ce ta sa shi gaba, ka san wanda Rediyo ta sa gaba gara ya miƙa wuya.

Jiya da hantsi na gama goge wa Malam jiki, na sa masa farar rigarsa, wayar tana kan matashi. Sai ga ƙarar faranti, sai ga muryar: jama'a, a juya. Matar kawunka ta kama ƙafa na kama kafaɗa muka mai da shi wajen taga. Amsa ta fara sauka. Rediyo ce ta farko, kuma ka rubuta wannan a tarihi, kalma biyu kawai ta faɗa. Sai mai tari. Sai mai waƙa. Sai matar nan ta garin da rana ke faɗuwa. Sai 'Yar Kemis, a hankali kamar mai taka ƙwai. Suna ta zuwa, masu kaya da waɗanda suka sauke, ba ka iya bambance wannan da wancan.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Malam ne. Idonsa a kan wayar, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ban san wa ya ba ni dabarar ba, na danna wurin ɗaukar murya na kai bakinsa. Wannan dogon numfashin da kuka ji a farko, da kuka ɗauka iska ce, shi ne yake haƙo abin daga inda ya shekara a binne. Gumi ya keto masa a goshi. Leɓen dama yana kwance, na hagu yana aikin mutum biyu. Matar kawunka ta toshe bakinta da mayafi. Ni kuwa yatsana ya ƙage a kan wayar ina cewa a zuci, Malam, an zo kanka, an zo kanka.

Ya ce, “Mun… juya.”

Murya kamar tsohuwar ƙofa, amma tasa ce. Tasa ce, ɗan nan. Na saki yatsa abin ya tafi.

Sai wata a zauren ta tambaya wane ne wannan. Na danna na ce maigidana ne, bai yi magana ba tun bara. Abin da ya biyo baya ka ji shi. Ni abin da ya tsaya mini shi ne saƙon Mai Burodi, da babu magana a ciki ko ɗaya, sai ƙarar faranti ya faɗi ƙasa da wani abu kamar mutum yana jan hanci. Daga baya ya ce burodin hantsin nan duk ya ƙone, kuma bai taɓa jin daɗin asara irin wannan ba.

Ka ga halin kakanka dai. Na haifa masa 'ya'ya, na wanke shi, na ba shi abinci a baki, ya tashi buɗe baki bai ce sannu Mai Baki ba, sai ya amsa wa mai burodi. Na faɗa masa haka a gabansa. Rabin fuskarsa ya yi dariya. Da la'asar ya sake amsawa, yau da hantsi ma haka, kuma na yau ya fi fita. Ban sani ba ko wata kalmar za ta biyo baya. Likita ya ce a ci gaba, kada a matsa masa. Ni ko waɗannan biyun aka bar mini na gode.

In ka samu hutu ka zo ka ji da kunnenka ba ta waya ba. Matar kawunka tana gaishe ka. Malam ma, na tambaye shi ko in gaishe ka, ya lumshe ido. Gemun kuma ka bar shi, na fasa, ya fara yi maka kyau.

Taka har kullum,
Kakarka Mai Baki.

Af, garin da kake bina ko nake binka, na yafe. Ƙofar bakin kakanka ce. Makullin kuwa muryoyin zaurenka ne a haɗe, na masu jinya da na waɗanda suka gama.